Masinja a Cikin Sitiyari

Jiya da dare mafarki ya ɗauke ni aikin da ban nema ba. Ni Tanimu, sana'ata gyaran sitiyari mai lantarki ne, irin wanda direba zai ɗan murza da yatsa biyu, na'ura ta ji ƙarfin hannunsa, ƙwaƙwalwar mota ta sa ɗan injin da ke ƙasa ya ƙara masa daidai abin da yake bukata. Shekara goma sha huɗu ina wannan aiki, ban taɓa shiga ciki da ƙafata ba sai jiya.

Na tsinci kaina a wata bas mai tsawon layinmu, duk mutanen unguwa suna ciki. Ruwa yana tashi daga ƙasa zuwa gajimare, don haka kowa ya riƙe lemarsa a kife. Mahaifiyata, Inna Kande, tana kujerar gaba da ƙwaryar daddawa a cinya. Can gabanmu akwai wata siririyar gada marar shinge, faɗinta faɗin bas ɗin cif, kogi ya cika a ƙarƙashinta.

Direba Nomau ya miƙo mini hula.

"Kai ne sabon masinja. Shiga."

"Ina?"

"Cikin sitiyari mana."

Na shiga. Ashe ofis ne hawa uku, da fanka da labule. Wata akuya mai tabarau, sakatariyar wurin, ta yi mini bayani: in leƙa ta taga in ga inda tayoyi suka nufa, in hau sama in gaya wa Darakta, shi kuma ya umarci jakunan da ke hawan ƙasa su tura tayoyin. Na ce ai wannan aikina ne tun fil azal.

Na leƙa. Bas ta karkata dama, taki ɗaya tak. Na hau da gudu, sakatariya ta tare ƙofa da ƙaho.

"Haka ake shiga wurin manya a gidanku?"

Na cire takalmi, na durƙusa. Darakta wani bunsuru ne mai gemu, yana taunar fayil. Ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya ruwa, ya aka ji da jama'a, ya ƙafar Hajiya. Ya amsa duka a tsanake, sannan ya mayar mini da su ɗaya bayan ɗaya, har da tambayar kakana da ya rasu tun ban yi wayo ba.

"To, me ke tafe da kai?"

"Ranka ya daɗe, mun karkata dama. Taki ɗaya."

"A tura hagu taki goma! Kada a ce ofishinmu na rowa."

Kafin nan Nomau ya daɗe da gyara hannunsa da kansa. Jakuna suka danno taimakon da ba a bukata, bas ta faɗa gonar masara. Na leƙa, na koma sama. Dokar ofis ta ce duk wanda ya fita ya dawo sai ya sake gaisuwa daga farko. Na sake. Darakta ya ba da taki ashirin zuwa dama, muka ratsa tsakiyar kasuwa, muka fito da rumfar mai tumatir a kan rufi. Fasinjoji suna faɗawa kan juna suna cewa, "Sannu da ƙoƙari, direba."

Raina ya ɓaci, don na san wannan ciwon sarai. A shagona minti biyar ya ishe ni in magance shi.

"Ranka ya daɗe," na ce bayan gaisuwa ta bakwai, "labarin da nake kawo maka tsufa yake a hanya. Ana ba da taimakon ɗazu a kan matsalar yanzu. A rage yawan turawar, a rage gaisuwar."

Darakta ya jinjina kai, ya ce magana ce ta masu ilimi. Nan take ya kafa kwamitin tumaki shida don binciken jinkiri. Kwamitin ya zauna, ya buɗe taro da gaisawa.

Sai ga gada. Na hango kogi, na hango gefen ɗankwalin Inna ta madubi. Ban hau sama ba. Na zura kai hawan jakuna na kwatsa ihu:

"Hagu! Kaɗan!"

Suka tura kaɗan.

"Ya isa! Dama, rabin haka!"

Bas ta miƙe sambal, ta hau gada kamar an zare zare. Wallahi ban taɓa jin daɗin aikina irin na wannan lokacin ba.

Fayil ya faɗo daga bakin Darakta. Sai na ji an ɗaga murfin hon da ke tsakiyar sitiyari, hannun da na sani ya shigo ya kama kunnena.

"Tanimu! Kai ne kake magana a gaban manya ba ko sallama?"

"Inna, gada ce. Kina cikin bas ɗin."

"Gara mu faɗa kogi da a ce ɗan Kande bai iya gaisuwa ba. Koma ka gaishe shi."

Duk bas ta ɗauka, "Gaskiyarki, Inna! Yaran yanzu!" Har da Nomau, da ya saki sitiyari don ya tafa.

Ina son Inna, kuma ina tsoronta fiye da kogi. Na hau sama, na durƙusa.

"Ina wuni, ranka ya daɗe."

A kan "ina gajiya" tayar dama ta taɓa bakin gada. A kan "ya iyali" ta bar shi. Tebur ya fara zamewa, tumakin kwamiti suna gangarawa da kujerunsu.

"Lafiya lau, alhamdu lillahi," in ji Darakta. "Ya naka iyalin?"

Bugun ƙofa ne ya tashe ni. Gari ya waye, na jiƙe sharkaf da gumi. Maƙwabcina Malam Ilu ne a tsaye da carbi. Ya tambayi kwana, ya tambayi gajiya, ya tambayi yara da sunayensu, ya tambayi jikin Inna. Na amsa duka, na mayar masa da nasa.

"Madalla," in ji shi. "Dama hayaƙi na gani yana fitowa daga shagonka."