Shayin da Ida Ta Zuba wa Fasto

Tun da aka fara babban yaƙin duniya, Fasto Pascoe ya zama abin gudu a garinmu. Ba laifinsa ba ne, bawan Allah. Gwamnati ce ba ta da fuskar da za ta dubi uwa ta ce mata ɗanta ya mutu, sai ta riƙa bugo wa limaman coci waya, su je su faɗa. Mutumin da a da ake rububin ya tsaya shan shayi, yanzu da an hango keken dokinsa sai mata su saki shanya su shige ɗaki, suna leƙe ta labule. Wadda ya wuce ƙofarta ta gode wa Allah, ko da kuwa gidan maƙwabciyarta ya nufa.

Yayata Ida ɗa ɗaya gare ta, Clarrie, kuma mijinta ya daɗe da rasuwa. Dogon yaro ne mai kunnuwa fato-fato, ga ci kamar gara. Ya bar mata gonar alkama ya shiga sojan ƙasa, aka kwashe su zuwa Gallipoli, can ƙasar Turkawa. Wata da watanni ya yi a rami a gefen tsauni, yana dakon ruwa daga bakin teku harsashi na bin sa. Na damansa ya faɗi, na hagunsa ya faɗi, shi ko ƙwarzane bai samu ba. Wani ɗan garinmu da ya dawo da hannu ɗaya ya ce ba Turkawa ne suka fi gallabarsu ba, ƙudaje ne, daga kan gawa su sauka kan abinci. Ida kuwa ta rame ta lalace, ko ƙarar keken mai madara ta ji sai gabanta ya faɗi.

Sai labari ya zo cewa zazzaɓin taifot ya kama Clarrie, an ɗauke shi a jirgin ruwa zuwa asibiti a Masar. Ban taɓa ganin uwar da ta yi murna ɗanta ya kwanta ciwo ba sai ita, har rawa ta taka a tsakar gida.

Na ce, "Yaya, ciwo fa aka ce, ba aure ba."

"Ke Maud, rufe min baki. Zazzaɓi? Yaron da ya yi ƙyanda da tarin shiƙa a shekara guda, ya tashi ya cinye min rabin kek? Yana kan gado mai farin zani, ba mai harbinsa. Allah ya sa ya daɗe a kwance!"

Ran Lahadi da aka tashi daga coci ta tare Fasto a gaban kowa. "Fasto, tunda duk gari na gudunka, ni ka zo gidana. Nawa yana asibiti, ba abin da za ka kawo min sai cikinka." Raina ya ɓaci, don akwai mata sanye da baƙi a wurin suna ji. Amma ya zo, ya kuma ci gaba da zuwa duk mako. Ya ɗaure doki a inuwa, ya shigo kicin ya zauna, ya ci ya sha har ya yi dariya. Gidan kaɗai ne ya rage masa da zai shiga ba a dubi hannunsa ba.

Lokacin girbi ne, rana kamar ta dafa mutum, ina gidan ina taya ta dafa 'ya'yan itace da sukari don ajiya. Muka ji keken doki ya tsaya. Sai aka buga ƙofar gaba.

A wurinmu ba wanda ke bi ta ƙofar gaba. Ɗan'uwa da maƙwabci da mai kawo nama, kowa ta baya yake shigowa. Ta gaba ta baƙon da ba a sani ba ce, da fitar da gawa. Ludayin ya tsaya cak a hannun Ida.

Ta ɗaga murya, "Fasto, zagayo ta baya mana! Yau kuma baƙo ka zama?"

Ya zagayo, malafarsa a hannu, ƙura har gira. Ina ganin fuskarsa na gane. Daga baya muka ji cewa ciwon ya huda wa Clarrie hanji, kuma tun Ida tana cikin yi wa mutane fankama an riga an binne shi a can cikin rairayi.

Fasto ya fara, "Maman Clarrie..."

"Zauna. Ba a magana da yunwa a gidan nan." Ta ja masa kujera, ta zuba shayi, ta shafa wa burodi man shanu. Tana ta zuba surutu: alkama ta yi kyau bana, za ta sa a shafe ɗakin yaron da farar ƙasa, in ya dawo sai ta yi kiwonsa, don ta san abincin asibiti. Kofin bai ƙare ba ta ƙara masa.

Na kasa jurewa. Na ce, "Yaya, don Allah ki bar shi ya yi magana."

Ta juyo ta dube ni, idonta a bushe. "Maud, kin ɗauka ni sakara ce? Na ji ƙofar da ya buga. Amma bai faɗa ba tukuna. Muddin bai faɗa ba, ina da ɗa."

Fasto ya sunkuyar da kai ya ɗauki kofin. Ban taɓa jin tausayin namiji kamar ranar ba. Yana kurɓa kaɗan kaɗan don ya ja mata lokaci, hawaye na bin gemunsa, tukunyarmu na ƙonewa a kan murhu ba wanda ya tashi. Ya shanye ta zuba, ya shanye ta zuba.

Da ta karkata butar shayin ba abin da ya fito, sai ta buɗe murfin ta leƙa ciki. Ta mayar, ta goge hannu da zani, ta zauna, ta ɗora hannuwanta a cinya.

Ta ce, "To, Fasto. Faɗi."