Katin Baba Merle

Ban taɓa son zama kusa da Trent idan ana cin abinci ba. Mutum ne da zai tsoma yatsunsa duka cikin miyar fukafukan kaza, ya lashe su ɗaya bayan ɗaya har da ƙara, sannan ya miƙa hannun nan ya ɗauki katinka. Duk katin da ka ga jan tabo a gefensa a ƙungiyarmu, ba sai ka tambayi wanda ya taɓa shi ba. Amma da a yatsu ƙazantarsa ta tsaya, da ban ɓata bakina a kansa ba.

Duk ranar Asabar da rana muke haɗuwa a ɗakin baya na shagon Gus mai sayar da fiza, nan garin Toledo na Amurka, mu buga resilin na kan tebur, wato kokawar Turawa da kati. Kowane ɗan kokawa da katinsa, hoto a gaba, a baya kuma kamun da ya iya da lambobinsu. Ka jefa dayis irin na lido, lambar da ta fito ita gwaninka zai yi. Ni ce alƙaliya, domin matar da ta tsufa tana tuƙa motar 'yan makaranta ba ta jin tsoron ƙartin da ke ɗaga murya a kan kwali.

Kamfanin da ke yin wasan ba ya buga katin kowa sai waɗanda suka yi suna a talabijin. Sauran, waɗanda suka ƙarar da ƙuruciyarsu suna shan kaye a zaurukan unguwa da filayen baje koli, mu muke yi musu da hannunmu. Doka ɗaya muka kafa a kan haka: wanda ya yi kati ba ya wasa da shi. Wani ne zai riƙe, shi kuma mai yin shi ne zai fara karawa da shi. Hakan ya hana mutum ƙera dodon da ba ya faɗuwa, tunda a kansa zai fara sauka. Ba mu taɓa kawowa a rai cewa wani zai yi akasin haka, ya ƙera wanda ba ya cin wasa ba.

Rhonda ni na kawo ta cikinmu. Tana aiki a kicin ɗin makarantar da nake sauke yara, mace ce mai shiru-shiru, sai dai hannunta yana da sa'ar dayis. Ba ta daɗe ba ta ƙwace kambun zakara daga hannun Trent, kuma da wani tsohon kati da kowa ya raina. Trent ya yi dariyar yaƙe, ya tafa mata, ya ce ai jini ba ya ƙarya. Nan ya sanar cewa zai karrama mahaifinta da kati na musamman, tunda yana da injin buga takardu a wurin aikinsa.

Mahaifin nata shi ne Merle Dutko, wanda a zamaninsa ake kira Guduma. Duk wanda ya girma a wannan yankin ya taɓa ganin an ɗaga Merle an maka da ƙasa. Aikinsa ke nan. Ana biyansa ya faɗi domin wani ya yi suna, ya yi ta yi har gwiwoyinsa suka ƙare. Yanzu yana gidan kula da tsofaffi, ido ya yi rauni, tafiya sai da keken dogarawa. Rhonda ta yi murna kamar yarinya, ta ce za ta ɗauko shi ranar da za a buɗe katin, don tun da aka kai shi can ba wanda ya ƙara tambayar labarinsa.

Ranar na iso na tarar ana dariya irin wadda ake rufe baki. Katin yana yawo hannu zuwa hannu, ya riga ya sha maiƙo. Gus, wanda na ɗauka yana da hankali, har hawaye yake sharewa da gefen rigar girkinsa. Da ya iso hannuna sai na duba shi da kyau.

Ba hoton Guduma na da ba ne. Hoton tsohon ne na yanzu, wanda Trent ya ɗauka a ɓoye daga baya a wani kanti, ya cire masa wando da kwamfuta ya ɗaura masa nafkin irin na jarirai. A bayan katin, inda ake rubuta kamu, lamba ɗaya ta ce ya manta inda yake. Ta biyu, haƙoran roba sun faɗo. Ta biyar, ya jiƙa wando, a kira nas. Na bi lambobin har ƙasa, na sake bi. Kowace ce ta fito, ƙarshenta Merle yana kwance. Bai bar masa ko kafa ɗaya da zai ci wasa ta nan ba.

Na tambayi Trent ko uwarsa ta san abin da ta haifa. Ya ce in kwantar da hankalina, wasa ne, shi ma tsohon ai ɗan wasa ne, ya saba a yi masa dariya. Yana faɗa yana zaƙulo nama daga haƙori da kusurwar wani kati. Na kama katin Merle da hannu biyu zan yaga, sai ƙofa ta buɗe.

Baba Merle ne, ya sa tsohuwar rigarsa ta shiga fage, ja mai ƙyalli, da hoton guduma a baya. Ta yi masa yawa yanzu, kafaɗunta sun zubo. An yi masa aski, an shafa masa mai a gashi. Rhonda tana riƙe da gwiwar hannunsa, fuskarta fal fara'a. 'Yan dariyar nan duka suka miƙe suna gaishe shi da ladabi, Baba Merle sannu, Baba Merle ga kujera, bakunansu ko bushewa ba su yi ba. Wannan ya fi katin ɓata mini rai.

Tsohon ya zauna, ya ce ina abin yake. Rhonda ta miƙo mini hannu, ba yadda na iya, na ba ta. Na ga idonta ya sauka a kan hoton, ya koma baya ya bi lambobin. Ba ta yi kuka ba, ba ta kalli Trent ba. Wuyanta kawai ya yi ja. Mahaifin ya karɓa ya kai kusa da hancinsa, ya juya shi, ya shafa santsinsa da babban yatsa, ya ce an kashe kuɗi, har da leda aka rufe shi. Sai ya mayar mata.

"Karanta mini, 'yar Baba. Waɗannan ƙananan rubutun sun fi ƙarfina."

Abu ɗaya ne a raina, kada mutumin nan ya san abin da ke kan kwalin. Rhonda ta gyara murya ta fara. Ta ce lamba ɗaya, shaƙar Guduma. Ta biyu, karon kafaɗa. Ta bi su a jere ba gargada, tana kiran kamun da ta gani da idonta tun tana ƙarama a gefen fage. Da ta zo ta biyar ta ce guduma daga sama, wani a ƙarshen tebur ya shaƙe da dariya ya mayar da ita tari. Trent ya buɗe baki zai yi gyara, na ɗora dugadugina a kan yatsun ƙafarsa na danna da duk nauyina, kuma ni ba ƙarama ba ce. Na sanar cewa yau duk wanda ya yi magana ba da izinina ba, ya bar ƙungiyar ke nan.

Doka doka ce, aka zauna karawa. Rhonda ta riƙe katin mahaifinta, Trent ya fito da gwaninsa, wani ƙato na kamfani mai kitso. Duk jifar da ta yi sai ta kira kamu da sunansa na gaskiya, tsohon yana kaɗa kai, yana motsa kafaɗa kamar shi ke cikin igiyoyin. Amma lambobi ba su san wannan ba. Kafin fizar da ke gabanmu ta huce, Guduma ya kwanta, na buga tebur sau uku kamar yadda alƙali ke ƙirga wa wanda aka kayar. Ba wanda ya tafa. Trent ya ɗaga hannu sama shi kaɗai, ya ga ba mai taya shi, ya sauke ya ɗauki fiffiken kaza.

Baba Merle ya nemi a sake. Aka sake, ya ƙara faɗuwa da wuri. Sai ya juya wajen da yake jin taunar Trent.

"Ɗana, kai ka yi shi ko? Ka yi ƙoƙari. Amma ka yi mini rowa."

Trent ya ce rowar me, Baba, baki cike.

"Ni faɗuwa ce sana'ata, ban ƙi ba. Sai dai ban taɓa faɗuwa ba sai da 'yan kallo suka miƙe tsaye suna cewa yau fa Guduma zai ci. Ka bar mini lamba ɗaya mana, ko da ba za ta taɓa fitowa ba. In ba ni da ita, kai ɗin wa ka kayar? Buhun dankali?"

Gus ya sunkuyar da kai yana goge tebur inda ba datti. Trent ya ce zai duba, zai gyara a bugu na gaba, ya yi 'yar dariya yana neman wanda zai haɗa ido da shi. Tsohon ya ce a ba shi biro. Ya ce al'adarsu ce, duk wanda ya karrama ka sai ka sa masa hannu. Ya dafa katin ya rubuta sunansa da manyan baƙaƙe masu rawa, a kan hoton, daidai tsakiya, har tawadar ta rufe abin da Trent ya zana. Ya tura wa Trent ta kan tebur, ya ce ya ajiye inda 'ya'yansa za su riƙa gani.

Ba su jima ba Rhonda ta ce lokacin maganinsa ya yi. Na raka su waje don in taimaka, kuma don in shaƙi iskar da ba ta warin miya. Muka zaunar da shi a gaban mota, ita ta zagaya baya tana kokawa da keken dogarawar da ya ƙi naɗuwa. Ina ƙoƙarin ɗaura masa bel ɗin kujera sai ya kama wuyan hannuna. Har yanzu akwai sauran ƙarfi a yatsun nan.

"Darlene," ya ce a hankali, "idon dama bai gama mutuwa ba. Rubutun ne ba na gani. Hoton babba ne."

Na fara ba shi haƙuri, ya girgiza kai.

"Kin ji yadda ta karanta? Ko ɗaya ba ta manta ba, har wanda na daina yi tun tana firamare. Kada ki gaya mata."

Ya saki hannuna, ya gyara wuyan jar rigarsa, ya kalli gaba kamar ba abin da ya faru. Ta tagar shagon ina hango Trent ya ɗaga katin yana ɗaukarsa hoto da waya, sauran sun sake matsowa kusa da shi. Ban ji me suke cewa ba, ban kuma so in ji ba.

Rhonda ta rufe but ɗin motar, ta ja ni gefe. Ta leƙa mahaifinta ta gilashi, ta matso da bakinta kusa da kunnena.

"Yaya Darlene, bai gane ba, ko?"

Na kalli tsohon. Ya ɗaga mana hannu yana murmushi, irin ɗagawar da yake yi wa 'yan kallo a da, bayan an gama maka shi da ƙasa.

"Bai gane ba," na ce. "Tafi ki kai shi ya sha maganinsa."