Muhandis Ba Ya Jin Hausa

Tun da Musbahu ya shiga karatun injiniya unguwar Safa a Jidda ba ta huta ba. Tsarin karatun shi ne rabin mako a kwaleji, rabi a wurin aiki, inda wani kamfani yake gina gidajen shaƙatawa a bakin teku a Abhur. Ko ƙusa bai taɓa bugawa ba, amma ya kafa doka a gida cewa a daina kiran sunansa, sai dai a ce Muhandis, wato injiniya da Larabci. Farar hular kwanon da aka ba shi kuwa, a gaban mota yake ajiye ta don masu wucewa su shaida.

A Jidda aka haife shi, kuma da Hausa mahaifiyarsa Inno ta raine shi. Amma da ya tarar leburorin wurin yawancinsu mutanen Kano da Maraɗi ne da suka zo umara suka maƙale, sai ya haɗiye harshensa. Babban injiniyan, wani Bamisire mai suna Abdulghani, ya tambaye shi ko zai riƙa yi masa tafinta.

"Wallahi ban san yarensu ba," in ji Musbahu da Larabci, yana yamutsa fuska.

Aka bar shi a ofis cikin sanyin na'ura, yana kwafe zanen gini yana haɗa wa manya shayi.

Wata safiya Abdulghani ya yi shela da Larabci cewa kada kowa ya taka katakon hawa na biyu, an cire ƙarafan da suke tokare da shi. Saleh, wani lebura sabon zuwa da ko "yalla" ta Larabawa bai gama ganewa ba, yana tsaye kusa da Musbahu da buhun siminti a ka. Musbahu ya ji shelar sarai, ya dubi agogonsa, ya yi gaba. Saleh ya hau, ya rufto, ƙafa ta karye. Da yake ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, asibiti bai taso ba. Wurin mai ɗori aka kai shi a unguwar Bagdadiyya.

Gwadabe, shugaban leburorin, ya sha cin tuwo a gidan Inno. Ya san Musbahu yana jin Hausa sarai, amma ya bar maganar sai ranar da mai gidajen ya zo duba aiki. Musbahu ya ci guga, ya riƙe zanen gini a ƙirji, yana bin manya a baya yana gyaɗa kai kamar ƙadangare. Sai Gwadabe ya leƙo daga saman gini ya ɗaga murya da Hausa:

"Ɗan Inno, wandonka ya yage ta baya!"

Musbahu ya saki takardu, ya kai hannu biyu baya, ya shiga juyi yana leƙen kansa. Wando lafiyarsa lau. Leburori suka tuntsire da dariya.

Abdulghani bai yi dariya ba. "Me ya ce maka?"

"Ai... kalma ɗaya ce na tsinta."

"Ranar da Saleh ya faɗo ba ka tsinci ko ɗaya da za ka faɗa masa ba? Halas, shi ke nan. Daga gobe kana waje tare da su. Duk abin da na faɗa, ka faɗa musu."

Sauran watannin koyon aikinsa a rana ya yi su, yana fassara umarnin kwaɓa siminti. Leburori kuwa suka daina gane maganarsa da gangan. Ko me ya faɗa sai Gwadabe ya kama kunne ya ce, "Maimaita, Muhandis, Hausar taka ta yi mana zurfi."

Musbahu ya kai ƙara wurin Inno, cewa an wulaƙanta mai ilimi a gaban jama'a. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta zuba shinkafa da miya a kwano ta ɗaure da ƙyalle.

"Ungo, kai wa Saleh. Ka gaishe shi da ƙafa."

Ya ɗauka, ya tuƙa har Bagdadiyya. Da ya isa sai ya ajiye kwanon a bakin ƙofa, ya ƙwanƙwasa, ya koma mota da sauri kafin a buɗe.