Karen Mista Pottle

Ranar da aka gabatar da Gervase Pottle ga 'yan ƙungiya a matsayin sabon babban darakta, komai yana tafiya daidai har aka zo lokacin tambayoyi. Ya yi jawabi mai daɗi, ya ce tun yana yaro zuciyarsa take tare da dabbobi, aka tafa masa. Sai wata tsohuwa mai hular ulu a layin gaba ta ɗaga hannu.

"Ɗan nan, yaya sunan karenka?"

"Ba ni da kare, Mama."

"To, mage ce ke nan."

"A'a."

"Ko zomo?"

Gervase ya yi murmushin da ya saba sayar da katifa da shi, don daga kamfanin katifa aka ɗauko mana shi. "Ina dai da tukunyar fulawa a taga," in ji shi.

Babu wanda ya yi dariya. Zauren ya yi tsit, har karnukan da ke kwance ƙarƙashin kujeru sai da suka ɗago kai.

Ina zaune kusa da shi a kan dandamali, don ni ce mataimakiyarsa. Sunana Bernadette Quill, amma Bernie ake kirana. Da kwasar kashin jakuna na fara aiki a Ƙungiyar Ceton Dabbobi ta Wexcombe, na yi ta hawa har na samu ofis mai kafet. Muna da gidajen ceto tun daga Cornwall har iyakar Scotland, da asibitoci, da ɗaruruwan ma'aikata, da tsofaffin mata ba iyaka waɗanda sai bayan an binne su 'ya'yansu ke gane cewa jakuna aka bar wa gidan. A wurinmu mutum zai iya zama mashayi, ya saki matarsa ranar Kirsimeti, a ce ajizi ne. Amma ya ce ba shi da dabba? Wannan kam ba a yafewa.

Shugabar kwamitin amintattu, Dame Prudence Ellacott, ta tare shi a bayan labule. Ta haura tamanin, ba ta kai masa kafaɗa ba, amma shi ne ya ja da baya.

"Yaro, kafin Juma'a ka samo abu mai ƙafa huɗu. Ban damu ba ko tebur ne, muddin yana da wutsiya."

Washegari na kai shi gidan cetonmu na Devon, tare da mai ɗaukar hoto. An riga an zaɓa masa wani ɗan kwikwiyo mai ruwan zuma, an yi masa wanka, an taje shi. Muna tsaye a tsakar gida ana gyara wa Gervase kwalar riga, sai wani ya manta da ƙofar ɓangaren tsofaffin karnuka a buɗe, Horace ya fito.

Horace kare ne da ba a san asalinsa ba, kuma babu irin da zai yarda ya ce nasa ne. Gajere, mai faɗi kamar buhun dankali, kunne ɗaya, haƙoran ƙasa a waje, yawu na zuba ba dare ba rana. Duk wanda ya ɗauke shi sai ya dawo da shi. Wani iyali ma ko gida ba su kai ba, daga hanya suka juyo, duk tagogin motar a buɗe. Ya taho yana nishi, ya wuce ni, ya wuce matar da take ba shi abinci kullum, ya je ya zauna daram a kan sabon takalmin Gervase, ya ɗaga kai yana kallonsa kamar ya ga mahaifinsa da ya ɓata.

"Bernie," in ji Gervase ba tare da ya motsa leɓe ba, "a ɗauke min wannan abin."

Kafin in sunkuya mai hoto ya ɗauka. Da yamma hoton ya zagaye ƙasa: babban mutum cikin kwat, da kare mafi muni a Ingila yana kallonsa da so. Mutane suka ce tausayi ne a fuskar Gervase. Ni da nake wurin na san numfashi ya riƙe. Dame Prudence ta bugo waya tana cewa ashe yaron yana da kai. Shi ke nan, babu komawa ga kwikwiyo.

Horace ya tare a ofishin babban darakta. Yana kwana ƙarƙashin tebur yana minshari, ya cinye wayar caji, ya cinye hular wani ɗan majalisa da ya kawo ziyara. A taron kwamiti yakan saki tusa marar ƙara, sai ka ga manyan mutane masu lambar girma suna satar kallon juna, kowa yana zargin na kusa da shi. Idan Gervase ya shiga banɗaki, Horace ya zauna a ƙofa yana kuka har ma'aikata su san inda shugaba yake. Gervase bai taɓa kiran sunansa ba. "Wannan abin" yake ce masa, in ransa ya ɓaci ya ce "annoba".

Amma jama'a sun mutu a kansa. Fuskar Horace ta hau jikin motocinmu, da kofunan shayi, da kalanda. Yara suna zuwa daga nesa don su taɓa kunnen nan guda.

Gaskiya ita ce, Gervase ya iya aiki, ko da yake na so kujerar kuma na yi fatan ya kasa. Ya fitar da mu daga ginin Landan mai matakalar marmara ya mai da mu wani tsohon sito kusa da tashar jirgin ƙasa. Ya soke liyafar shekara, inda ake cin naman tinkiya ana jawabi a kan haƙƙin tumaki. Amintattu suka yi gunaguni suka haɗiye. Sai ya taɓa abin da ba a taɓawa.

Asibitocinmu na marasa hali ne, waɗanda ba za su iya kai dabbarsu wurin likita mai zaman kansa ba. Amma tun fil'azal amintattu suna shigo da nasu ta ƙofar baya, a duba musu ba layi. Magunan Dame Prudence ma suna da ranarsu ta musamman, direba ke kawo su cikin kwando mai matashi. Wata safiya Gervase ya je asibitin Exeter ya tarar da wani dattijo riƙe da kare mai zubar da jini yana jira, likita kuma yana ciki yana yanke wa magen shugaba farce. A ranar ya sa aka kulle ƙofar baya.

"Ka san abin da ka yi kuwa?" na tambaye shi.

"Na kulle ƙofa."

"Kabarinka ka haƙa."

"To, a binne ni da wannan abin, ko ƙasa ta huta."

Dame Prudence ba ta ce uffan a kan maguna ba. Ta dai fara gayyatar amintattu shan shayi ɗaya bayan ɗaya. Kafin kaka ta ƙare aka kira taro, aka gode wa Gervase da kalmomi masu tsawo, aka ce ƙungiya tana bukatar shugaba mai fahimtar al'adunta. Ya saurara, ya tattara takardunsa, ya miƙe. Horace ma ya miƙe.

"Karen zai zauna, ba sai an faɗa ba," in ji Dame Prudence. "Bernie, karɓi igiyar."

"Ranki ya daɗe, Horace nawa ne."

Karon farko ke nan da na ji sunan a bakinsa.

"Naka? Kai da ba ka ƙaunar ganinsa?"

"Ba na ƙaunar ganinsa. Ba na ƙaunar jinsa. Warinsa kuwa kowa a ɗakin nan shaida ne. Amma ke kika ce in samo, na samo, na sa hannu a takardar ɗaukarsa kamar kowa. Sai anjima."

Suka fita, mutum a gaba yana taku da girma, kare a baya yana jan ƙafa yana barin yawu a kafet.

Hankalin kwamiti ya tashi, don an riga an buga fuskar Horace a kan duk kayan Kirsimeti. Lauya ya ce hanya ɗaya ce: dokarmu ta ba mu ikon karɓe dabba idan ba a kula da ita yadda ya kamata. Dame Prudence ta juyo gare ni.

"'Yar nan, je ki duba gidan. Ki duba da kyau. Kujerar nan babu kowa a kanta, kin gane?"

Na gane. Ranar Asabar da safe na hau jirgin ƙasa cikin yayyafi na tafi. Gervase ya buɗe ƙofa sanye da rigar barci, gashi a hargitse, cokali a hannu. Shi kaɗai yake zaune tun da matarsa ta tafi. A falo na ga bargo da matashi a kan doguwar kujera.

"Baƙo ka yi?"

"Ni ne baƙon. Je ki ga mai gidan."

Horace yana kwance ɗai-ɗai a tsakiyar gadon, a kan katifa mafi tsada da tsohon kamfaninsa ya taɓa yi. A gefe akwai 'yar matakala ta katako, a karkace, da gani wanda ya haɗa ta bai taɓa riƙe guduma ba. A kicin kaza ce take dahuwa da shinkafa.

"Cikinsa ba ya ɗaukar abincin gwangwani," in ji Gervase. "Kin san haka? Shekaru yana hannunku, ku masana, ba wanda ya lura. Taso, annoba, ga abincinka. Allah ya sa ya shaƙe ka." Yana faɗa yana fifita kwanon da murfin tukunya don ya huce.

Na sha shayi, na dawo, na shaida wa kwamiti cewa da za a kula da ni kamar karen nan da ban fito aiki ba. Dame Prudence ta dube ni ta saman tabarau.

Ba ta haƙura ba. Kowace shekara kafin Kirsimeti muna da addu'ar sa wa dabbobi albarka a babban coci, da talabijin da komai, kuma an riga an sanar cewa Horace ne zai ja jerin gwano. Ta kira Gervase da kanta ta roƙi aron kare na rana ɗaya, saboda yara. Ya yarda. Abin da ba ta faɗa masa ba shi ne ta sa direba ya jira da mota a ƙofar gefe don a wuce da karen.

Coci ya cika. Jakuna biyu a baya, wata akuya tana cin takardar waƙa, yara sanye da fararen riguna suna rerawa. Gervase ya miƙa igiya ya koma benci na ƙarshe. Dame Prudence ta shiga gaba cikin hula mai gashin tsuntsu, aljihunta cike da soyayyiyar hanta. Horace ya bi ta lafiya lau har hantar ta ƙare, daidai tsakiyar coci. Nan ya zauna.

Ta ja, bai motsa ba. Ta yi masa magana cikin muryar da take sa ministoci rawar jiki, ya yi hamma. Duk jerin ya tsaya, jakuna suka fara ƙosawa. Bishop, mutumin kirki, ya sauko da kansa ya ce ba komai, a nan ma albarka tana sauka. Ya sunkuya zai ɗora hannu. Horace ya saki abin da ya saba saki, amma wannan karon da ƙara, ga makirufo a ƙirjin Bishop. Yaran mawaƙa suka zube da dariya. Bishop ya miƙe idanunsa na hawaye ya ce, "Amin."

Sai Horace ya waiga, ya ga babu Gervase a kusa. Ban taɓa sanin yana iya gudu ba. Ya fizgi igiya, Dame Prudence kuma ba ta taɓa sakin abin da ta riƙe ba, don haka ya tafi da ita, tana sassarfa a bayansa, hula a kunne, tana wuce amintattu ɗaya bayan ɗaya, har benci na ƙarshe. Ya haye cinyar Gervase da dukan nauyinsa ya lashe masa fuska.

"Sauka, ƙazami," in ji Gervase. Hannunsa biyu suna rungume da shi.

Dame Prudence ta tsaya tana haki. Kyamara tana kanta, ta sani. Ta gyara hula, ta ɗora igiyar a hannun Gervase kamar dama abin da ta zo yi ke nan, ta sunkuya ta raɗa masa wata kalma da ban zaci ta sani ba. Ya ce, "Na gode, ranki ya daɗe. Barka da Kirsimeti."

Bayan sabuwar shekara aka ba ni kujerar, ba don Dame Prudence ta yafe min ba, sai don duk wanda aka tuntuɓa daga waje ya ga bidiyon cocin, ya ƙi zuwa. Gervase ya koma wani ƙaramin gari a bakin teku, yana riƙe da wata 'yar ƙungiya mai kula da tsofaffin karnuka, su shida a ofis har da mai shara. Manyan kamfanoni sun neme shi, ya ce ba zai iya ba, tafiya a mota tana sa Horace amai. Nakan je in gan su lokacin zafi. Mu zauna a kan benci muna cin soyayyen kifi da dankali, shi yana ba ni shawara a kan yadda ake tafiyar da kwamiti, ni ina yi kamar ban ji ba, daga baya in je in yi yadda ya ce.