Buhun Irin Yelwa

Shekarar da mijin Yelwa ya rasu, a ita rumbunta ya rushe. Abin da ya rage mata gona ce ɗaya a gefen Mai'adua, da buhu guda na irin gero, ɗan gajere mai saurin nuna, wanda gidan suke shukawa tun kakanni. Ta ɗaure bakin buhun da jan ƙyalle, ta ɗora a babur, ta kai siton ƙungiyar manoma a Daura ajiya. Malam Audi mai sito ya jingine shi a lungu. Shi ba ya rubutu, amma ya san buhun kowa kamar yadda makiyayi ya san shanunsa.

Sai manya suka ce Audi ya tsufa, wai motar da ke kai hatsin ƙungiya Kano tana kwana biyu a ƙofa ba a cika ta ba. Aka kawo Nu'uman mai takardu. Ya ja layi da fenti a ƙasa, ya juye hatsin kowa a fararen buhuna iri ɗaya, ya buga lamba. Dokarsa guda ce: abin da ya fara shiga shi zai fara fita. Mota ta koma cika kafin azahar, aka yi ta sa masa albarka.

Ruwan shuka ya sauka ran Talata. Laraba da hantsi Yelwa tana ƙofar sito.

"Ɗan nan, buhuna na zo ɗauka. Mai jan ƙyalle."

Nu'uman ko kai bai ɗago ba. "Inna, nan ba mu san ƙyalle ba. Yaushe kika kawo?"

"Tun kaka, kafin kowa."

"To ai shi ya fara tafiya. Yanzu haka an sha furarsa a Kano."

Ta dafa bango. "Iri ne fa! Iri ka sayar a daka?"

"Gero gero ne, Inna. Ga naki can, mudu bai ragu ba."

Ta zura hannu a buhun da ya nuna, ta murza, ta sa ƙwaya a baki ta tauna, ta tofar a kan layin fentinsa.

"Wannan maiwar kudu ce. Ina ruwan da zai kai ta a ƙasar nan? Ubanka bai taɓa noma ba?"

Masu dako suka ƙyalƙyale. Nu'uman ya ce, "In ba kya so ki bari. Matsa dai, kin tare hanyar mota."

Ta je wajen shugaban ƙungiya har sau uku. Ya ce ta yi haƙuri, gyara ba ya zuwa sai da ɗan ciwo. Ciwon wa? Ta bi maƙwabta neman iri, kowa ya riga ya zuba nasa a rami. Ta shuka maiwar, tana shukawa tana tsinuwa.

Maiwar ta yi kyau kuwa, baƙar muguwa. Ta wuce tsayin namiji, kore shar, masu wucewa suna yaba gonar. Ruwa ya ɗauke tana shirin fidda kai.

Ranar da maƙwabta ke ɗaure dammuna, Yelwa ta kira wani makiyayi, ta nuna masa gonar da haɓa.

"Kora su ciki," ta ce.

Ta zauna a kan iyaka tana kallon shanu suna ci.