Saiwar Basham

Ni ɗan mai haƙar saiwa ne, kuma da wannan tinƙaho na sauka Jidda a shekarar 1975. A Mai Wurno, can bakin kogi a Sudan, babu wanda bai san mahaifina ba. Kullum maganarsa ɗaya ce, wai ƙarfin magani a ƙasa yake, ganye da ɓawo na yara ne. In ya sari saiwa yakan bar guntu a ramin ya mayar da ƙasa, damina na sauka sai itacen ya tofo. Na taso ina ganin haka duk shekara, har na ɗauka ko'ina a duniya haka ƙasa take.

Wurin ƙanwarsa na sauka, Goggo Barakatu, a unguwar Kurayyat. Tare suka taso daga Haɗeja a ƙafa da niyyar hajji, shi ya maƙale a Sudan, ita ta ƙetaro teku ba ta koma ba. Ita ta yi ta safa da marwa har na sami kafili, wato ubangidan da zai tsaya min, da iƙama, takardar izinin zama, na kama tuƙin wata 'yar akori-kura da ke kai wa ma'aikatan titi ruwa da abinci.

Sana'ar Goggo sayar da man basham. Mata na zuwa har gida su karɓa a 'yan kwalabe, don ƙuna da miki da tarin yara. Basham wani guntun itace ne da ke fitowa tsakanin duwatsu, bai wuce ƙirjin mutum ba, a ido kamar ya mutu, amma in ka murza reshensa ƙamshin sai ya wuni a hannunka. Goggo na da guda biyar a wani kwari gabas da gari. Ba ita ta shuka su ba, tarar da su ta yi. Shekara talatin tana kewaye su da duwatsu saboda awakin makiyaya, in fari ya yi tsanani ta ɗauko musu ruwa a garwa.

Ran da na fara kai ta a mota, sai na ji tana gaishe su ɗaya bayan ɗaya.

"Sannu Na'ibi. Zaituna, ya zafi? Maimuna. Malam Salihu, mun same ku lafiya? Sauda, 'yar ƙaramata."

Na san sunayen daga bakin mahaifina. Mutanen ayarinsu ne da suka mutu a hanya. Salihu mijinta ne, Sauda 'yarta ta goye. Na kawar da kai na yi kamar ina duba taya.

Ta kwance bakin zanenta ta fito da wani ɗan dutse baƙi mai kaifi. Ba ta yarda ƙarfe ya taɓa su, wai yana sa su ciwo. Ta tsaga ɓawon kaɗan, ta kara kwalba, ta zauna jira. Har rana ta take, abin da ya taru bai cika cokali biyu ba. Haƙurina ya ƙare.

"Goggo, wannan ai wasan yara ne. Maganin na ƙasa, ke kina lasar bayansa."

"Uskut, ya waladi, yi min shiru yaro. Nan ba Sudan ba ce," in ji ta. "Nan ruwa sau ɗaya yake zuwa a shekara, shi ma in ya ga dama. Ran da ka koyi zama wuri ɗaya, zan ba ka dutsen nan."

Na yi dariya. A raina na ce wa ke son dutse.

Ma'aikatan da nake kai wa abinci 'yan Koriya ne. Wata rana lokacin hutun azahar wani dattijo a cikinsu ya buɗe ɗan akwatin katako ya nuna min wata saiwa mai hannuwa da ƙafafu kamar ɗan mutum. Insam suke ce mata. Da guntun Larabcinsa da nunin hannu ya gaya min a dajin duwatsunsu ake samunta, tana shekara da shekaru kafin ta kai haka, kuma ta daji ta fi zinariya daraja. Ya ƙara da cewa duk wanda ya same ta sai ya binne jajayen 'ya'yanta a wurin kafin ya tafi. Wannan ɓangaren ta bayan kunnena ya wuce. Abin da na ji kawai shi ne ashe har a ƙarshen duniya an yarda da mahaifina, kuma ga basham can cikin duwatsu, mai shekaru, babu wanda ya taɓa leƙa ƙarƙashinsa.

Ba a jima ba Goggo ta zame a bakin famfo ta gurɗe ƙugu, ta kwanta. Juma'ar da ta biyo baya na ɗauki dagi da buhu na nufi kwarin da sassafe. Da guda ɗaya na yi niyya, Allah ne shaidata. Amma saiwar ta fito siririya, na ce ƙila ta gaba ta fi, ta gaba ma haka. Kafin rana ta ɗaga na tone biyar ɗin duka. A kowane rami na bar guntu na rufe da ƙasa yadda aka koya min, har ina yaba wa kaina da sanin aiki.

Dattijon Koriya ya shinshina, ya ɗan gatsa, ya tofar a gefe cikin ladabi ya miƙo min abina. Sai na kai wa Hamad, mai shagon kayan ƙamshi da magani a tsohon gari. Ya jujjuya saiwar a hannu.

"Esh hada, mene ne wannan? Basham? Wane mahaukaci ne ya tone basham? Ai mai ake tatsa a jikinsa, saiwar ko shayi ba za ta dafa ba. Wannan kafin ya kai haka ya girme ka."

Na ce wani makiyayi ne ya ba ni. Na fito gumi na bin bayana, na jefa buhun a kwandon shara a unguwar Bagdadiyya.

Daga nan na shiga jigilar ruwa a ɓoye. Duk Juma'a sai na je na shayar da ramukan, na durƙusa ina leƙen ko zan ga ɗan kore. Aka yi ruwan sama sau ɗaya, mai ƙarfi, har titunan gari suka cika. Na jira mako biyu na koma da zumuɗi. Ciyawa ta fito ko'ina a kwarin, ban da cikin da'irorin duwatsun Goggo.

A gida kuwa ita ke sa a ajiye min abinci, ita ke tambaya ko na gaji. Takan ce, "Usuman, ka leƙa min mutanena?" Ni kuma na ce, "Suna lafiya, Goggo." Sau nawa na faɗi haka, ban sani ba. Na tsani kaina fiye da yadda zan iya rubutawa.

Bayan wata biyar ta miƙe da sanda. Ranar Alhamis ta cika garwa da kanta, ta wanke kwalbarta ta kife a rana.

"Gobe ka kai ni. Yalla, shirya, kar ka ce min mota ta lalace."

Ita ce ƙaryar da na tanada, ta riga ni. Muka kama hanya tana ta hira, wai bana tun da an yi ruwa Sauda za ta yi ganye sosai. Sau uku na buɗe baki zan gaya mata, ina fasawa. A bakin kwarin na kashe mota na ce, "Goggo," sai ta ce in ɗauko garwar, rana na yi.

Ina biye da ita, tana dogara sanda tana hawa a hankali. Ta isa da'ira ta farko ta tsaya. Ta dubi ta biyu, ta dubi sauran. Ba ta yi salati ba, ba ta yi kuka ba, da ta yi da na ji sauƙi. Ta zauna daɓas a ƙasa ta sa yatsu ta tona, ta zaro busasshen guntun da na bari. Ta daɗe tana kallonsa.

"Irin aikin Yaya ne wannan, mahaifinka," in ji ta. "Makiyayi ba ya barin guntu ya rufe."

Na durƙusa na ce, "Ni ne, Goggo. Na zaci za su tofo. A gida suna tofowa."

"Ka ce min suna lafiya."

Ta miƙa hannu na ba ta garwar. Ta bi ramukan da jan gindi tana zuba wa kowanne kaɗan, tana kiran sunansa a hankali, ta juye ragowar duka a na Sauda. Sannan ta kwance bakin zanenta, ta kamo hannuna ta sa min baƙin dutsen a tafi, ta naɗe yatsuna a kansa.

Na ce, "Goggo, ban cancanta ba. Kin ce sai na koyi zama."

"Riƙe," in ji ta. "Halas, shi ke nan. Ni me zan tsaga da shi kuma?"