Hannun Hagu na Rigar Auta

Ranar Litinin koren zaren ya ƙare wa Mama, saura rabin hannun hagu. Auta kuwa ranar Lahadi za ta tashi. Aiki ta samu a wata ƙasa mai nisa da aka ce sanyinta har ƙashi yake shiga, kuma Mama ta ci alwashin yarinyar ba za ta tafi ba sai da rigar da ta saƙa mata.

Abin haushin, 'yar takardar da ke naɗe da curin ulun, mai ɗauke da lambar rini, ita da kanta ta jefa ta a shara. Shekara talatin tana saƙa, ta zo ta yi kuskuren 'yan koyo.

Zama ya gagare ta. Ta zazzage akwatuna, ta leƙa ƙarƙashin kujeru. Ranar Talata yayarta ta zo sallama da Auta, ta yini tana ba da shawarar da ba wanda ya nema, wai a rage ɗaya hannun su zo daidai. Ranar Laraba dangin maigida suka cika falo, Mama tana cikinsu amma hankalinta na kan hannun riga, har ta gaishe da mutum ɗaya sau biyu.

Alhamis aminiyarta, wadda suke kira Uwar Surutu, ta ja ta kasuwar masu zare. Rumfa bayan rumfa, ga kore nan kala-kala. Kowanne a inuwa sai ya yi kamar shi ne, da ta fito da shi rana ta kara da rigar sai asirinsa ya tonu. Wani dattijon marini ya jujjuya rigar ya ce ta haƙura, tukunya biyu ba sa ba da launi ɗaya ko da mutum ɗaya ne ya rina. Uwar Surutu ta ce wa zai lura. Mama ta ce ita za ta lura.

Ta dawo ƙafa a kumbure, rai a ɓace. Tana rataye jaka idonta ya faɗa kan ɗan mayafin wuyanta a bayan ƙofa, wanda take naɗawa kullum da safe saboda ciwon wuya. Bara ta saƙa shi, daga zaren nan. Ta nemo bakin zaren ta ja, ta warware shi. Ta jiƙa shi, ta shanya don ya miƙe, Asabar da la'asar ta ɗaure ƙullin ƙarshe.

Lahadi Auta ta sa rigar a bakin ƙofa. Daga gwiwar hannu zuwa ƙasa koren ya ɗan koɗe, na wanki. Ta dubi hannun, ta dubi ƙusar bayan ƙofa, babu komai a kanta.

"Mama, ina mayafinki na wuya?"

Mama ta gyara mata wuyan rigar, ba ta yarda sun haɗa ido ba, don ta san kuka za ta yi.

"Yana hannunki na hagu. Kada ki wanke shi da ruwan zafi."